Komik ɗin almarar kimiyya zai iya ƙin yaƙi da gaske kuwa?

Bintun Abba:

Assalamu alaikum 'yan uwa masu karatun labaran zane. Akwai abin da ya daɗe yana cina a rai, na ce bari in kawo shi in ji ta bakinku. Littattafan komik na almarar kimiyya, irin masu kumbo da butum-butumi da yaƙi tsakanin duniyoyi, da yawansu in ana yabonsu sai ka ji an ce saƙonsu shi ne yaƙi masifa ne. To amma ni in na buɗe shafi abin da idona ke fara cin karo da shi bindiga ce mai ƙyalli, jirgi ne da aka zauna aka ƙawata, fashewa ce da ta cika shafi biyu har sai ka tsaya kana kallo saboda kyau. Mai zane ya ƙarar da ƙarfinsa a kan wannan hoton, gawar kuma tana can gefe 'yar mitsitsiya ko ma babu ita sam. Ta yaya za a ce littafi na ƙin abu alhali duk gwanintar da ke cikinsa wajen ƙawata abin aka zuba ta?

Na biyu, kuma shi ya fi damuna, maganar tunawa da waɗanda suka mutu. Yaƙin gaske yana da garuruwa masu suna, mutanen da aka kashe suna da suna suna da iyaye. In ka ɗauke shi ka kai wata duniyar da babu ita, ka mai da abokan gaba ƙwari ko ƙarafa, ashe ba sauƙaƙa wa mai karatu mantuwa ka yi ba? Wa zai yi makokin ƙwaro? Don Allah wanda ya san littafin da ya tsallake waɗannan abubuwa biyu ya faɗa min, amma ya faɗi dalili, kar a jero min sunaye kawai.

Tsohon Ɗalibi:

Wa alaikumus salam. Malama Bintu tambayarki ta biyu zan kama, don amsarta na cikin littafi guda, El Eternauta na ƙasar Ajantina. Héctor Germán Oesterheld ya rubuta, Francisco Solano López ya zana, ya riƙa fitowa mako-mako a mujallar Hora Cero daga 1957 zuwa 1959. Zan fasa wani ɓangare na labarin, a yi haƙuri, ba yadda za a yi bayanin sai da haka.

Da farko dai bai kai yaƙin wata duniya ba, yaƙin ne ya zo ya same su har gida a Buenos Aires. Abokai huɗu suna karta da dare a saman gidan Juan Salvo, jarumin labarin, sai dusar ƙanƙara ta fara zuba a garin da ba a saba ganinta ba, kuma duk wanda ta taɓa fatarsa nan take zai faɗi matacce. Wuraren da aka zana duk na gaske ne, titin General Paz, filin ƙwallon River Plate inda aka yi artabu, wato mai karatu na lokacin titin da yake bi kullum yake gani cike da gawarwakin maƙwabta.

Yanzu maganar ƙwaro. Mayaƙan farko da suka fito musu manyan ƙwari ne kuwa, ana ta kashe su, kai mai karatu kana jin daɗi, sai daga baya a gano kowane ɗaya akwai na'ura dashe a bayan wuyansa da ake juya shi da ita. Masu juya su wasu halittu ne masu kama da mutane masu yatsu birjik a hannu, ka ce to ga mugayen nan an samu, ashe su ma bayi ne, an ci duniyarsu da yaƙi an dasa musu wani abu a jiki wanda da zarar tsoro ya kama su zai saki dafi ya kashe su, saboda haka ko tunanin bijirewa ba sa iya yi. Akwai wurin da ɗaya daga cikinsu yake mutuwa a kicin ɗin wani gida, da yake ya san tasa ta ƙare ba sauran abin tsoro, sai bakinsa ya buɗe, yana kallon butar kofi yana mamakin kyawunta da shekarun da 'yan adam suka ɗauka kafin su iya ƙera irin wannan, ya tuna duniyarsu, ya mutu yana rera waƙar garinsu. Wallahi duk taurin zuciyarka sai ka yi makokinsa. Ainihin masu yaƙin kuwa har littafin ya ƙare ba a nuna fuskarsu ba ko sau ɗaya. Duk wanda ya mutu a fili, ta kowane ɓangare, aiko shi aka yi.

Ƙarshen ne ya fi taɓa batunki. Salvo duk labarin nan wani marubucin komik yake ba wa, ya bayyana a ɗakinsa a 1959 bayan ya ɓace cikin zamunna yana neman matarsa da 'yarsa. Da ya gane shekarar da yake ciki, cewa dusar sai 1963 za ta zuba, sai ya ruga gida ya tarar da iyalinsa lafiya, kuma yana isa komai ya goge daga kansa. Wanda ya ga abin da idonsa ya manta, marubucin da ya ji kawai shi aka bari da kayan, ba shi da wata dabara illa ya buga labarin ko wani zai ji.

Sannan ga abin da ya faru da shi kansa Oesterheld. Ya shiga ƙungiyar 'yan tawaye masu ɗauke da makamai ta Montoneros, sojoji suka karɓi mulki a 1976, a 1977 aka sace shi ba a sake ganinsa ba har yau. 'Ya'yansa mata huɗu, Estela, Diana, Beatriz da Marina, duk gwamnatin sojan ta hallaka su ko ta ɓatar da su, biyu daga ciki suna da juna biyu lokacin da aka kama su. Matarsa Elsa Sánchez ita ta rage, ta shiga ƙungiyar kakanni mata ta Plaza de Mayo, wani dandali a Buenos Aires, masu neman jikokin da aka sace, har ta rasu a 2015. Yau a Ajantina hoton Salvo cikin rigar kariyarsa a bango ake zana shi, mutane na ganinsa suna tuna waɗanda aka ɓatar. To kin ga labarin ƙwari da dusar ƙanƙara shi ya zama abin riƙe sunayen mutanen gaske.

Sani Injiniya:

Yaya Tsohon Ɗalibi abin da ka kawo ba mai musu, Allah ya saka. Amma fa ka lura rabin nauyin maganarka daga rayuwar marubucin ya fito, sojoji ne suka mai da littafin abin tunawa shekara ashirin bayan an rubuta shi. Ni ina bayan Bintu a tambayar farko kuma ban ga an amsa ta ba.

Ɗauki Rogue Trooper da ya fara fitowa a mujallar 2000 AD ta Birtaniya a 1981, Gerry Finley-Day da Dave Gibbons. In dabara ake nema ta tunawa da matattu ban san wadda ta fi tasa ba. Duniya ce da ɓangarori biyu suka lalata da iska mai guba har ba mai iya numfashi sai da rigar kariya, sai aka ƙera sojoji masu shuɗiyar fata da gubar ba ta yi musu komai, wani janar ya ci amanarsu aka karkashe su saura mutum ɗaya. Kowanne akwai ɗan cif a kansa mai ɗauke da hankalinsa, shi ne wanda ya rage ya ciro na abokansa uku ya sa ɗaya a bindiga, ɗaya a jakar baya, ɗaya a hular kwano, yana tafe suna masa magana suna gardama da shi. Soja yana yawo da muryoyin abokansa da suka mutu a jikinsa, wanda ya taɓa zama da tsohon soja ya san ba ƙarya a nan. To amma me aka yi da dabarar? Kowane mako sai an yi harbi, mataccen da ke cikin bindiga shi ne ma ya fi kowa son harbin, kuma abin da ke jan labarin gaba neman fansa ne a kan janar ɗin. Yaron da ya karanta ba cewa zai yi Allah ya raba mu da yaƙi ba, cewa zai yi ina ma ni ne.

Ko Hayao Miyazaki, mai zane kuma mai shirya finafinan zane na Japan, da kowa ke kafa hujja da shi. Ba na shakkar zuciyarsa, mutumin da yana ɗan shekara huɗu ya ga an yi wa garin Utsunomiya ruwan bam a 1945, ya ƙi zuwa Amurka karɓar Oscar a 2003 saboda yaƙin Iraƙi. Amma kamfanin gidansu kayan jiragen yaƙin Japan masu suna Zero yake ƙerawa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma shi da bakinsa bai taɓa ɓoye cewa yana son jiragen yaƙi ba. Buɗe Nausicaä na takarda, wanda ya yi ta zanawa daga 1982 har 1994, ka dubi jiragen masarautar Torumekiya da ke cikin labarin, ka dubi harin dawakin gimbiyarta Kushana, hannun da ya zana su hannun masoyi ne. Komik ɗin Akira ma haka, rugujewar birnin Tokyo da Katsuhiro Otomo ya zana gini bayan gini, mutane don kyanta suke komawa kallo. Gani ya kori ji, abin da ido ya sha shi ke zama, jawabin da jarumi zai yi a shafin ƙarshe iska ce.

Maman Husna:

Malam Sani ka karanta Pluto kuwa? Don kusan kamar mai zanensa ɗan Japan Naoki Urasawa ya ji ƙorafinka ne ya zauna ya zana amsa. Ya fito daga 2003 zuwa 2009, juzu'i takwas, shi da Takashi Nagasaki. Tushensa wani labari ne na Astro Boy, komik ɗin yaro butum-butumi, da Osamu Tezuka ya yi a 1964, inda wani ƙaton butum-butumi ke bin manyan butum-butumi bakwai na duniya yana faɗa da su ɗaya bayan ɗaya. Ka ga ai wannan gadon dambe ne tsagwaronsa, abin da yara ke so kenan. Sai Urasawa ya ɗauko shi ya hana ka ganin damben. Yawancin karon ba a nuna su, guguwa za ka hango daga nesa, shafi na gaba sai tarkace da masu kuka. Duk gwanintar zanensa a fuska ya zuba ta, fuskar matar da aka zo yi wa gaisuwa, fuskar yaran da ke jiran uba.

Kuma yaƙin da ke bayan labarin ba a ɓoye ko wanne ne ba. Wata babbar ƙasa mai suna Tarakiya ta zargi masarautar Farisa da ɓoye butum-butumin kisan kiyashi, aka tura kwamitin bincike, ba su samu abin da aka ce ba, duk da haka aka afka mata. Wanda ke raye a 2003 ba ya buƙatar a ce masa Iraƙi. Labarin yana farawa ne bayan an gama yaƙin, waɗannan bakwai ɗin yawancinsu an yi amfani da su a can, kowa ya dawo da abin da ya dawo da shi.

Cikin bakwai ɗin North No. 2 shi ne wanda ba na iya mantawa. Jikinsa duk makamai ne yana rufe su da mayafi, ya je Sikotland ya kama aikin hidima a gidan wani tsohon makahon mai tsara kiɗa, ba abin da yake roƙo sai a koya masa fiyano don ba ya son komawa fagen fama, tsohon yana korarsa yana ce masa makami ne shi, shi kuma da dare mafarkin waɗanda ya kashe yake yi, dubban 'yan uwansa butum-butumi. Tsohon ma yana da nasa ciwon, ya rayu yana ganin uwarsa yasar da shi ta yi, sai North ya tafi har garinsu ya samo masa waƙar da yake ta nema a kansa, da ita ya tuno abin da ya faru na gaskiya. Akwai kuma Epsilon da ya ƙi zuwa yaƙin tun farko aka yi ta kiransa matsoraci, ya koma Ostareliya yana renon marayun da yaƙin ya bari.

Abin da ya sa na ce sai a almarar kimiyya za a iya wannan, Bintu ki ji nan, butum-butumi ba ya mantuwa. Mutum in shekaru suka ja abin yana dusashewa, yana gyara labarin a ransa har ya iya zama da shi. Su kuwa komai na nan daram kamar yanzu ya faru, sai dai in an shiga an goge. To wa ke da ikon gogewa? Hukuma. Gesicht, ɗan sandan da muke bi a labarin, a hankali yake gano akwai wani yanki na rayuwarsa da shi da matarsa da aka cire aka cusa musu na ƙarya a gurbinsa, saboda abin da ke wurin bai yi wa masu iko daɗi ba. Ƙasashe ma haka suke yi da yaƙoƙinsu, sai dai su a littafin makaranta suke yi. Tezuka kansa yana saurayi a masana'anta yake aiki lokacin da aka ƙona Osaka a 1945, ya ga gawarwaki da idonsa, ina ganin shi ya sa ko a na 1964 ɗin mai kisan ba mugu ba ne, umarni aka ba shi.

Bintun Abba:

Kai, na gode ƙwarai. Anti Maman Husna wannan na hana mai karatu ganin faɗan ya shige ni, don ni a zatona dole sai an nuna jini da yawa kafin a ce an nuna munin yaƙi. Amma akwai abin da ya taso min daga maganarku ku biyu. Kun sa tunawa ta zama kamar ita ce maganin. To ai masu tayar da yaƙi su ma da tunawa suke tayar da shi, ku tuna abin da suka yi mana, ku tuna jarumtar kakanninmu. Akwai littafin da ya kama wannan ɓangaren?

Abu Hanif:

Akwai, 'yar uwa, har biyu zan ba ki, ko da yake na farkon wasu za su ce ba almarar kimiyya ba ce tunda ba kumbo a ciki. When the Wind Blows na Raymond Briggs, 1982, lokacin da ake zaman ɗar-ɗar tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyat. Tsoho da tsohuwa ne, Jim da Hilda, a ƙauyen Ingila, rediyo ya ce yaƙin nukiliya na tafe. Abin da ya hallaka su tun kafin bam ɗin shi ne yadda suke tuna Yaƙin Duniya na Biyu. Suna yara aka yi shi, abin da ya rage musu a kai daɗinsa ne, kwana a ramin ɓuya, waƙoƙi, Churchill, kowa na taimakon kowa, har suna ta mantawa suna kiran Rashawa da Jamusawa. Saboda haka suka ɗauka wannan ma haka zai zo ya wuce. Jim ya bi takardar shawarwarin gwamnati sau da ƙafa, kuma irin takardar da gaske gwamnatin Birtaniya ta buga ta, ya ciro ƙofofi ya jingina a bango ya ce mafaka ce. Malam Sani ga amsarka a kan kyawun fashewa, shafukan Briggs cike suke da ƙananan zane a cunkushe, hira ce ta tsofaffi kan labule da matashin kujera, ranar da bam ya faɗi kuwa shafi biyu ne fari fat, ba abin kallo. Bayan nan sai ka zauna da su kwana bayan kwana launin fatarsu na canzawa, dasashi na jini, gashin Hilda na zuba, suna jiran hukuma ta zo, ba su san me ke cin su ba, kai ka sani.

Na biyu The Forever War. Asalinsa littafin Joe Haldeman ne na 1974, mutumin da aka kai Biyetnam aka ji masa rauni a can, sai Marvano ɗan Beljiyam ya mai da shi komik a 1988, juzu'i uku. Karon farko da sojojin duniya suka haɗu da halittun da ake yaƙa, an riga an dasa musu hotunan ƙarya a ƙwaƙwalwa na ta'asar da wai halittun suka yi wa mutane, ana faɗin wasu kalmomi sai abin ya tashi, suka yi ta yanka waɗanda ko kare kansu ba su iya ba, kuma suna yi suna sane cewa hotunan ƙarya ne amma jiki ya ƙi tsayawa. Ga kuma lissafin lokaci, tafiya da gudu kusa da na haske tana sa wata kaɗan a wurin soja ya zama shekaru masu yawa a gida. Mandella, sojan da muke bi a labarin, ya dawo ya tarar duniyar da ya tafi karewa babu ita, ba wanda ya san shi, ba wanda ya damu, har ya gwammace ya koma soja don nan kaɗai ya sani. Yaƙin ya ɗauki shekara 1143, da aka samu hanyar magana da ɗaya ɓangaren sai ta bayyana tun farko ba wani dalili, rashin fahimta ne da kuma waɗanda yaƙin ke yi wa amfani. Haldeman dawowarsa daga Biyetnam yake faɗa, ya miƙe ta ne kawai da ilimin fiziks har kowa ya iya ganin tsawonta.

Sani Injiniya:

Na Briggs na sallama, wannan ba yaron da zai rufe shi ya ce ina ma ni ne. Pluto ma zan nema. Amma ku duba, duk waɗanda kuka kawo masu ƙarfi sai da mai zanen ya daure ya hana kansa abin da ya fi iyawa, ya ɓoye faɗan ko ya bar shafi fari. Nawa ne za su yi haka alhali mujalla na son a sayi fitowar mako mai zuwa? Briggs littafi ɗaya ya yi ya gama, ba a ce masa ya kawo ci gaba ba. Wanda ake bugawa shekara da shekaru dole yaƙin ya ci gaba don in ya ƙare labarin ya ƙare, ni har yanzu a nan nake ganin matsalar take.

Tsohon Ɗalibi:

Malam Sani El Eternauta ma fa mako-mako ya fito, shekara biyu cur, kuma bai zama tallar bindiga ba, don haka ana iyawa, wuya ce da shi. Malama Bintu in za ki fara da shi ki nemi na asali na 1957, akwai fassarar Turanci da kamfanin ɗab'i na Fantagraphics suka fitar a 2015. Wanda Oesterheld ya sake yi da Alberto Breccia a 1969 ki bar shi sai daga baya, zanensa duhu ne sosai kuma mujallar ta katse shi aka ƙarasa a gaggauce. Fim mai dogon zango na Netflix na 2025 kuma sun dawo da labarin zamanin yanzu, sun mai da Salvo dattijo tsohon sojan yaƙin tsibiran Malvinas da Ajantina ta yi da Birtaniya a 1982, wanda abin da ya gani a tsibiran ke dawo masa, wannan babu shi a littafin. Lokacin da fim ɗin ya fito, a Buenos Aires mutane sun bi fastocin tallarsa suna manna hotunan Oesterheld da 'ya'yansa huɗu a kai, don jikoki biyun da ake sa ran an haifa a tsare har yanzu ana nemansu.